Daƙiƙun da Na Yanke

Mahaifina ba ya neman kafar allura sau biyu. Yakan lashi bakin zaren, ya murza shi tsakanin yatsu, ya ɗaga allurar wajen hasken ƙofar zaure, sai ka ga zare ya ɓulla ta ɗaya gefen. Tun ina yaro nake ganin haka, kuma ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana aikin hannu a babbar riga a zauren gidanmu da ke unguwar Goron Dutse: aska biyu, aska takwas, tambari, duk wanda mai riga ya zaɓa. A lokacin da nake ba da labari, keken surfani da na'urar da ke zana aiki da kanta sun riga sun kwashe masa mutane. Rigar da zai yi wata biyu a kanta, su kwana ɗaya suke yi. Mai sakawa kuwa ba ruwansa, in dai za ta yi ƙyalli a hoton ɗaurin aure.

Ni ne ɗan fari, don haka ba a kiran sunana a gidan. Inna takan ce "kai" ko "wannan", Baba ya ce "ɗan boko". Na yi difloma, na kawo takardar aka yi min barka, na sa ta ƙarƙashin katifa, ta kwanta na kwanta. Allura kuwa tun ina firamare na nuna ba ni ba ita, Baba bai tilasta min ba. Abin da na ƙware a kai shi ne zaman majalisa a bakin titi da latse-latsen waya. A majalisar nan kowa yana da labarin wani da ya yi kuɗi da waya yana kwance a ɗaki, amma ba wanda ya taɓa ganin mutumin da idonsa. Na gwada tallan takalma, na gwada turare, na gwada har da barkwanci, wanda ni kaɗai ya ba wa dariya. Kowanne in ya yi sati biyu ban ga komai ba sai in watsar.

Ana nan wani mutum ya buɗe ajin koyar da neman kuɗi ta intanet a wani shago wajen Ƙofar Kabuga. Kwana uku muka yi a kan benci, fanka ba ta juyawa. Yawancin abin da ya faɗa ya bi iska, amma magana ɗaya ta zauna min.

"Kun san mai kokon unguwarku?" in ji shi. "Ba don kokonta ya fi na kowa kuke zuwa ba. Don kun san kullum tana nan. Ranar da ta yi fashi ka je wajen wata. Ta sake yin fashi, shi ke nan ka canza hanya. Haka shafi yake. Kullum bidiyo ɗaya, lokaci ɗaya. Ko ana ruwa, ko ana Sallah, ko ana zaman makoki a gidanku."

Muka yi dariya a wannan ta ƙarshen, wani ya ce, "Haba Malam, a yi fatan alheri mana." Ni ma na yi dariyar. Amma na dawo gida da maganar a kaina, na tarar da Baba a zaure yana zura zare a allura, kuma a karon farko na tsaya na kalli abin da yake yi.

Ba ƙaramin fama na sha ba kafin ya yarda in riƙa ɗaukar aikinsa a bidiyo ina ɗorawa.

"Wato mutum dubu su zuba wa hannuna ido?" ya ce.

"Ai shi ake nema, Baba."

"Kai kake nema."

Tsoronsa ɗaya ne, bakin mutane. Ya ba ni labarin wani maɗinki sa'ansa da aka tsaya a kansa ana yabon aikinsa ba wanda ya ce tubarkalla, sati bai zagayo ba yatsa ya kumbura, har ya mutu bai sake riƙe allura ba. A wajen Baba wannan ba tatsuniya ba ce, ya san mutumin, ya je jana'izarsa. Da ya ga na nace, sai ya gindaya min sharaɗi. Ba za a nuna fuskarsa ba, ba za a ji muryarsa ba, hannu kawai. Sannan a ƙarƙashin kowane bidiyo sai na rubuta: duk wanda ya gani ya ce tubarkalla. Inna da ke jin mu daga tsakar gida ta ce ita dai hankalinta bai kwanta ba, abin da aka ɓoye shi ke yin albarka. Na ce mata zamani ne ya zo da haka. Ta ce zamanin ma ai yana da baki.

Na samo ƙafar wata tsohuwar fanka, na ɗaure wayata a jiki da roba, na saita ta yadda ba abin da ke shiga sai gwiwoyinsa da rigar da hannayensa biyu. Da hantsi muke ɗauka, lokacin da rana ke shigowa zauren ta kwanta a kan tabarma. Ni ina zaune bayan wayar, idona a kan gilashinta. Bayan azahar in gyara, in yanke abin da ya yi tsawo. Bayan la'asar in ɗora. Gidanmu ginin ƙasa ne mai kauri, sabis ba ya ratsa shi, don haka sai na hau soro, wani lokaci ma sai na taka har gindin dutsen ina ɗaga waya sama. Kowane bidiyo da abu ɗaya yake farawa: Baba ya lashi zare, ya ɗaga allura, zare ya shige a ɗauka ɗaya.

Wata huɗu na farko ba abin da ya faru. Mutum goma sha ɗaya za su kalla, uku daga ciki ni ne. Baba ya canza min suna daga ɗan boko zuwa Darakta. Kullum in na sauko daga soro sai ya ce, "Darakta, yau mutum nawa suka zo kallo?" In na faɗa ya yi murmushi ya ce, "Madalla, sun fi sahun asuba na ranar sanyi." 'Yan majalisa suka sa ni gaba da tsiya. Sau da yawa na so in watsar kamar yadda na saba, sai in tuna mai koko. Na ɗora ranar da ruwa ya kwana ya wuni, na ɗora ranar Sallah da sabuwar shadda a jikina, na ɗora ina zazzaɓi. Ranar da aka yi kwana uku ba wuta, na tafi har wajen Ƙofar Nassarawa gun wani abokina mai sola na yi caji na dawo. Baba da kansa ya fara ba ni baki. Ya ce yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya, in na fara abu in ga ƙarshensa ko sau ɗaya a rayuwata.

A wata na biyar wani bidiyo ya tashi. Har yau ban san abin da ya bambanta shi da sauran ba. Na wayi gari wayata tana ta ƙara, tubarkalla a jere har ba ta karantuwa. Daga nan aka fara tambayar farashi, aka fara ba da aiki, daga Abuja, daga Ikko, har daga mutanenmu da ke ƙasashen waje masu kewar rigar kakanninsu. Kafin damina ta dawo mun gyara rufin ɗakin Inna da ya daɗe yana yoyo. Inna ta fara ajiye min tsoka a ƙasan kwano ba ta ce komai ba, kuma wannan ya fi min duk wani yabo. Baba bai taɓa cewa ya ji daɗi ba, alkunya ba za ta bar shi ba. Amma kullum bayan la'asar sai ya ce in zauna in karanta masa abin da mutane suka rubuta, yana ɗinki yana gyaɗa kai kamar ba shi ake yi wa ba.

Aiki ya yi yawa. Mutumin da a da yake tashi da azahar ya miƙe ƙafa, ya koma sai an kira magariba yake ajiye allura. Ya fara cewa ƙeyarsa tana yi masa nauyi. Yakan aika a sayo masa ƙwayar ciwon kai a kemis, ya kora da ruwa, ya jefa goro a baki ya ci gaba. Asibiti kuwa rabonsa da shi tun ranar da aka haifi autarmu, shi ma a bakin ƙofa ya tsaya.

Wata safiya, muna cikin wata na goma sha ɗaya, ya ɗaga allura ya tura zare, zaren ya wuce ta gefe. Ya tsaya. Ya sake lasa, ya sake turawa, ya shiga. Da azahar ina gyara bidiyon na zo wajen, na kalla sau biyu, na ce a raina zaren ne ya yi gashi. Na sa yatsa na yanke daƙiƙa huɗun nan, na haɗe bakin, ya koma kamar kullum. Na ɗora, mutane suka ce tubarkalla.

Bayan kwana uku ya sake kuskurewa. Sati na gaba sai da ya nema sau uku. Na zama gwani wajen yanka, har nakan jira inda hannunsa ya dawo daidai wurin da ya tashi don kada a ga tsalle. Abin da na yanke ba na gogewa, wayar ce ke ajiye ainihin ɗaukar a gefe, ni kuma ban damu in share ba. Wata rana kofin shayi ya suɓuce masa a kan tabarma, ya bi hannun da kallo kamar na wani. Wata rana kuma yana yi min magana harshensa ya yi nauyi, kalmomin suka cakuɗe, kafin in ce me ka ce ya dawo daidai. Ya ce barci ne bai ishe shi ba. Na karɓi wannan bayanin hannu bibbiyu, don shi nake so in ji.

Akwai wata mata a cikin masu bin shafin tun ana mutum goma sha ɗaya. Ban san fuskarta ba, hoton fure ne a shafinta. Ta taɓa rubuta cewa ita ma'aikaciyar jinya ce a wani gari, kakanta irin wannan aikin yake yi, in ta tashi daga aiki da bidiyonmu take hutawa. Kullum sai ta rubuta tubarkalla, har Baba ya san ta, yakan ce, "Yau jikar maɗinki ba ta zo ba?" Ran nan na hau soro na buɗe, na ga ta yi dogon rubutu a bainar jama'a, ƙarƙashin bidiyon:

"Ɗan'uwa, sati uku ke nan kana yanke farkon bidiyon. A da, zaren a ɗauka ɗaya yake shiga, yanzu hoton yana ɗan tsalle. Kuma babban yatsansa na dama ba ya riƙe allura kamar da. Don Allah ka kai shi a auna jininsa yau, kada ka bari sai gobe. Irin wannan yakan zo kafin shanyewar ɓarin jiki."

Raina ya ɓaci. A wajenmu ba a kiran sunan cuta a kan mai lafiya. Ko mura ce sai a ce Allah ya tsare, balle wannan. Ga shi ta faɗa a gaban dubban mutane, ga shi kuma, na duba sama na duba ƙasa, babu tubarkalla ko ɗaya a cikin rubutun. Amma in zan faɗi gaskiya, abin da ya fi ƙona min rai shi ne ta kama ni. Na goge rubutun. Da na sauko ina karanta wa Baba na sauran, ya tambayi jikar maɗinki, na ce yau ba ta zo ba.

Washegari ta sake rubutawa, gajere: "Ka kai shi kuwa?" Na goge. Ta biyo ni ta saƙon sirri, ta ce ba don ta tayar min da hankali ba ne, ta ga irinsa da yawa a wajen aikinta. A nan na toshe ta gaba ɗaya. Sannan na yi abin da ya fi komai muni. Na shiga wajen Inna na ce mata wata mata ta sa wa Baba baki, ta yi masa mugun fata, ta kira masa cuta da sunanta.

Inna ta dafe ƙirji. "Inna lillahi! Ai dama na faɗa. Wace ce? 'Yar ina ce?"

"Ba a san su, Inna. A waya take."

"Allah ya mayar mata da aniyarta."

A ranar aka turara zauren da habbatussauda, aka yi wa hannun tofi. Inna ta aike ni wajen malamin unguwarmu karɓo rubutu. Dattijon kirki ne, ya ba ni, ya yi addu'a, sannan da na miƙe ya riƙe gefen rigata ya ce, "Ku haɗa da asibiti. Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, kuma bai ce a wajena kaɗai yake ba." Na ce to, Malam. Wannan rabin saƙon ban kai shi gida ba. Na san yadda asibiti yake, ka fita da sassafe ka bi layi, hantsi ya wuce, hasken zaure ya tafi. Na kuma san in likita ya ce a huta, an huta ke nan. Ga rigar wani ango a hannunmu, ga shi saura kaɗan mu cika shekara ba mu yi fashin kwana ɗaya ba, har na yi wa mabiya alkawarin bidiyo na musamman. Na ce a raina da zarar mun cika zan kai shi da kaina.

Baba da kansa ya nemi hutu, sau ɗaya. Ina ɗaure waya a ƙafar fanka ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Darakta, da za mu ɗan sarara kwana biyu. Hannun nan kamar ba nawa ba."

Mutumin da bai taɓa cewa ya gaji ba. Na san nauyin maganar a bakinsa, na san sai da ya juya ta ya juya kafin ya furta. Na ce, "Baba, saura kwana tara mu cika shekara. In muka yi fashi yanzu duk wahalar ta tashi a banza. Kai ka ce in ga ƙarshen abu."

Can ya ce, "Haka ne, ni na faɗa." Ya jawo rigar angon ya shimfiɗa a gwiwa.

Saura kwana huɗu abin ya faru. Hantsi ne mai kyau, rana ta kwanta a kan tabarma yadda nake so. Na danna ɗauka na ce bismilla. A gilashin wayar na ga hannun hagu ya ɗaga allura, na dama ya kawo zare, ya wuce ta gefe. Na ce, "Sake, Baba." Ya sake, ya wuce. Na ce, "Sake." Zaren ya zame daga yatsunsa ya faɗi a kan rigar. Hannun ya bi shi yana lalube, yatsun suna taɓa zaren suna kasa tsinke shi. Na ji ya yi wani sauti, na ɗauka tsaki ne. Har na fara lissafin inda zan yanke. Na ce, "Ba komai, a hankali, ɗauko mu sake." Hannun dama ya kwanta a kan gwiwarsa, tafin yana kallon sama, bai ƙara motsi ba. Sai wani ɗigo ya sauka a kan farar shaddar angon, ya yi tabo, wani ya biyo shi.

Sai a sannan na ɗaga kaina daga wayar. Bakinsa ya karkace gefe guda, yawu yana zuba, idonsa yana kaina. Ban san tun yaushe yake kallona haka ba. Daga baya na duba tsawon ɗaukar, ta haura minti uku. Kusan shekara guda ina zaune taku biyu daga mahaifina kowace safiya, kuma na saba da kallon inda muka yi sharaɗi kawai, daga gwiwa zuwa wuyan hannu.

Lungunmu adaidaita sahu ba ya shiga. Ni da maƙwabta biyu muka ɗauke shi a tabarmar har bakin titi, Inna tana biye da mayafi a karkace tana salati. A asibiti aka auna jininsa, ma'aikaciyar ta kalli abin awon ta kalle ni. Da likita ya samu sarari ya kira ni gefe ya tambaya ko kafin yau an ga wata alama, ko hannu ya taɓa yin sanyi, ko magana ta taɓa sarƙewa ta dawo. Na buɗe baki zan ce a'a. Sai na ciro wayar na buɗe masa ainihin ɗaukar, waɗanda ban taɓa ba, ɗaya bayan ɗaya. Ya kalli biyar ko shida a tsaye. Ya tambayi ranar ta farko, na faɗa masa. Ya miƙo min wayar ya ce, "Da a lokacin kuka zo." Bai ƙarasa ba, aka kira shi wani gado.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da aka yi sallar la'asar a ranar, ina zaune a barandar asibitin, Baba yana ciki da robar ruwa a hannu, sai na ji yatsana yana neman waya da kansa. Ina da waɗansu tsofaffin bidiyo da ban taɓa sakawa ba. Na ce a raina yanzu ne ma muke bukatar shafin, ga magani ga gado. Na ɗora ɗaya, na rubuta duk wanda ya gani ya ce tubarkalla. Suka ce. Haka na yi washegari, da jibi, da gata. Ranar da muka cika shekara mutane suka yi ta taya ni murna, suna cewa a gaida Baba mai hannun zinariya, ni kuwa ina riƙe da kofi ina ba shi kunu da cokali yana zubowa ta gefen baki.

Baba ya rayu, alhamdu lillahi. Yana takawa da sanda yana jan ƙafa, maganarsa tana fita da ƙyar, mu na gida muke gane ta. Hannun dama kuwa ya tafi. Rigar angon kuwa, wani tsohon almajirinsa a sana'a, magidanci ne yanzu mai 'ya'ya biyar, shi ya ƙarasa ta, kuma hannunsa nake ɗauka tun daga lokacin. Na gaya wa mabiya Baba ya huta. Waɗansu sun tafi, da yawa sun zauna. Shafin ne ke ciyar da mu, shi ke sayen maganin hawan jinin da Baba zai sha har ƙarshen ransa, don haka har yau ban yi fashi ba, ba ni da halin yi. Abu ɗaya ya canza, ina ɗauka ina ɗaga kai ina duban fuskar mutumin, har yakan tsargu ya ce, "Lafiya dai?"

Wata rana na tattara duk daƙiƙun da na yanke na jera su wuri ɗaya, daga na farko har na ƙarshe. Sun ba da bidiyon da bai kai minti biyar ba, hannu yana neman kafar allura, kullum yana ƙara nisa da ita. Duk wanda ya kalla, ko yaro ne, zai ce mutumin nan ba shi da lafiya. Na kalla sau ɗaya, ban ƙara ba, ban kuma iya gogewa ba. A ranar na buɗe matar da na toshe, na rubuta mata abin da ya faru, na ce ta yafe min. Ta amsa da layi ɗaya, ta ce Allah ya ba shi lafiya, a riƙa motsa masa hannun kullum. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta dawo shafin, kuma kowace la'asar tubarkallarta tana cikin na farko.

Da hantsi nakan fito da Baba zaure ya sha rana kafin mu fara ɗauka. Inna takan biyo mu da man zafi, ta zauna ta ɗora hannun a cinyarta tana murza yatsun ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka ce a yi, ba ta san daga bakin wa shawarar ta fito ba. In ta zo kan babban yatsan sai ta ce, "Allah ya isa tsakaninmu da matar nan. Mutum yana zaman zamansa ki kira masa cuta." Kullum sai ta faɗa. Ran nan Baba ya ga na sunkuyar da kai, ya ɗauka tausayinsa ne ya kama ni. Ya miƙo hannun hagu ya dafa gwiwata, ya yi ta kokawa da harshensa har maganar ta fito.

"Darakta. Ba laifinka. Baki ne."

Inna ta ce, "Baki ne mana. Ka ce amin, ina addu'a kana shiru."

Ban ce amin ba, ban kuma faɗi gaskiya ba. Na tashi na jawo ƙafar fankar, na ce rana tana wucewa.